Katin rangwamen magani a Amurka: ba damfara ba ne, amma kada ki fara da shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Hustan, jihar Teksas. Mahaifiyata ta zo daga Kano taya ni jego da bizar ziyara, kuma tana da hawan jini da ciwon suga. Magungunan da ta zo da su, Exforge da Galvus Met, sun kusa ƙarewa. Mun kai ta wurin likita ya rubuta mata amlodipine da valsartan a ƙwaya ɗaya, da metformin mai narkewa a hankali, da atorvastatin, da Januvia. Da muka je kantin magani aka ce na wata ɗaya ya haura dala 700, don ba ta da inshora. Haka muka baro su. Maƙwabciyata ta nuna mini wani kati a wayarta, ta ce kyauta ake samunsa kuma yana karya farashi. Ni dai tsoro nake kada damfara ce. Gaskiya ne? Kuma maigidana da yake da inshorar wurin aiki, shi ma katin zai yi masa amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya.

Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki. Katin ba damfara ba ne, mu masu harhaɗa magani kullum ana miƙo mana shi a kanti, kuma yana aiki. Ba a tambayar takardun zama, ba a tambayar lambar ɗan ƙasa, baƙo ma yana amfani da shi yadda ɗan gari yake yi. Sai dai a magunguna huɗun nan da kika lissafa, uku zai mayar su kuɗin cefane, ɗaya kuwa da ƙyar zai taɓa shi, kuma wannan ɗayan shi ne ya cinye mafi yawan dala 700 ɗin. Shi ya sa nake so ki fara daga takardar likita kafin ki kai ga kati. Amma kafin komai: kada Hajiya ta yi ko kwana ɗaya ba maganin hawan jini saboda ana neman sauƙi. In na hannunta ya ƙare yau, ki je ki ce a ba ki na mako ɗaya ko biyu kawai. Ana yin haka, ba dole ne ki ɗauki na wata guda ba.

Bari in bayyana miki inda waccan lambar ta fito, don in kin gane wannan sauran duk zai zo da sauƙi. A ƙasar nan magani ba shi da farashi ɗaya. Tsakanin kamfanin da ya yi magani, da kamfanin inshora, da kantin da kike tsaye a gabansa, akwai wasu dillalai da ake kira PBM. Manyansu uku ne, CVS Caremark da Express Scripts da Optum Rx, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na takardun maganin da ake cikawa a Amurka ta hannunsu suke bi. Su ke yanke nawa za a biya kanti a kan kowace ƙwaya. Yarjejeniyar da suke yi da kantuna ta ce za su biya wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin farashin da aka shirya da su da kuma farashin da kantin yake sayar wa mai kuɗi hannu. To ki duba: in kanti ya sa wa mai kuɗi hannu farashi mai rahusa, ya jawo wa kansa ke nan, dillalai ma a haka za su biya shi. Saboda haka sai kantuna suke ɗaga farashin kuɗi hannu can sama, ba don suna tsammanin wani zai biya ba, sai don kada ya zama ƙasa da abin da inshora za ta bayar. Wanda ya shigo ba inshora, ba kati, bai kuma yi tambaya ba, shi ke faɗawa cikin wannan rami. Farashin da aka faɗa miki tamkar kuɗin farko ne da ɗan Kantin Kwari yake yanka wa baƙo: ba wanda ya san kasuwa da zai zaro kuɗi ya biya. Bambancin kawai, a nan mai tsaye a bayan kanta ba shi da ikon cewa "kawo kaza", sai kin kawo masa abin da zai shigar a kwamfuta.

Abin shigarwar shi ne katin. In kika buɗe manhajar GoodRx, ko SingleCare, ko WellRx, ko Optum Perks, kika rubuta sunan magani da ƙarfinsa da yawan ƙwayoyin da lambar unguwarku, za ta jero miki kantunan da ke kusa da farashin kowanne. Kika taɓa ɗaya, sai lambobi huɗu su fito: BIN, da PCN, da lambar rukuni, da lambar mamba. Waɗannan mu ke shigarwa a gurbin da ake sa inshora. Cikin daƙiƙa biyu ko uku amsa ta dawo, atorvastatin da allon ya nuna dala ɗari da wani abu ya koma goma sha wani abu. Kwalba ɗaya ce, daga kan kanta ɗaya, ba a canza komai ba sai hanyar da lissafin ya bi. Na sha ganin mutum ya sake duba allon ya dube ni, yana zaton kuskure na yi.

Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kin yi daidai da kika yi zargi. Katin kyauta ne a wurinki, amma duk lokacin da aka yi amfani da shi, dillalin PBM ɗin da lissafin ya bi ta hannunsa yana karɓar la'ada daga kantin, ya raba da mai katin. Haka GoodRx, wanda aka kafa a Kaliforniya a 2011, ya zama babban kamfani. Wani lokacin abin da ya rage wa kanti bayan la'adar bai kai kuɗin da ya sayo maganin ba. Manyan kantuna suna shanyewa, don in kin shigo za ki sayi sabulu da kunzugun jariri. Ƙaramin kanti na mutum ɗaya kuwa yana iya ce miki ba ya karɓa, kuma ba mugunta ba ce. Irin wannan kantin, ki nuna masa farashin da ke wayarki ki tambaye shi ko zai sayar miki a haka ba tare da katin ba. Da yawansu suna yarda da murna, don la'adar ta zauna a aljihunsu ke nan.

Akwai kuma abu na biyu da kike biya da shi, wato bayananki. A Fabrairun 2023 hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta ci GoodRx tarar dala miliyan ɗaya da rabi saboda ya riƙa miƙa bayanan lafiyar masu amfani da shi ga Facebook da Google da wasu don talla, alhali ya yi alkawarin ba zai yi ba. An hana shi sake yin haka. Ban faɗi wannan don ki guje shi ba, ni ma ina tura mutane can. Amma ba dole ne ki buɗe asusu ba kafin ki ga farashi, kuma kada ki biya kuɗin wata na "babban mamba" sai kin lissafa kin ga ribar ta fi kuɗin. Duk katin da ya nemi lambar katin bankinki kafin ya nuna miki farashi, ko aka kira ki a waya ana tallarsa, ki rabu da shi. A nan ne damfarar take.

Yanzu mu dawo kan takardar Hajiya, mu bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Atorvastatin ba shi da matsala. Jenarik ne, wato kamfanoni da yawa suna yin sa tun da haƙƙin mallakar kamfanin farko ya ƙare, kuma da kati na wata ɗaya ba ya wuce 'yan daloli. Na san yadda mutanenmu suke kallon wannan, don a gida mun saba cewa a ba mu "orijinal", kada a ba mu "na Indiya". Can tsoron yana da dalili. Nan kuwa tun dokar 1984 ba a barin jenarik ya shiga kasuwa sai ya nuna wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, cewa yana shiga jini daidai da na asali, kuma tara cikin goma na takardun da ake cikawa a Amurka jenarik ne. Attajirin Hustan ma shi yake sha. In Hajiya ta ga ƙwayar ta canza launi ko siffa, ki kwantar mata da hankali, ki nuna mata sunan da ke jikin kwalbar. Tsofaffi da yawa suna ajiye magani su daina sha a ɓoye saboda "ba irin wanda na saba ba ne".

Amlodipine da valsartan a ƙwaya ɗaya, shi ne Exforge ɗin da ta saba. Haɗin ma yana da jenarik, ki duba farashinsa. Sannan ki duba amlodipine shi kaɗai da valsartan shi kaɗai, ki haɗa. Sau da yawa biyun a rarrabe sun fi araha, kuma magani ɗaya ne. Abin da za ki auna shi ne ko Hajiya mai kiyaye ƙwayoyi ce. In ƙarin ƙwaya ɗaya zai rikita ta, ƙarin 'yan dalolin ba asara ba ne.

Metformin mai narkewa a hankali, a nan nake so ki buɗe ido sosai, don tarko ne da likitoci da kansu suke faɗawa ba su sani ba. Kala uku ne a kasuwa masu kusan suna ɗaya. Akwai jenarik na Glucophage XR, wanda kusan kyauta ne. Akwai kuma jenarik na Fortamet da na Glumetza, waɗanda suke iya ninka shi sau da yawa. A kwamfutar likita duk a jere suke fitowa, yana sauri ya taɓa wanda hannunsa ya kai. Mu kuma a kanti doka ba ta ba mu damar musanya ɗaya da ɗaya ba sai da izininsa. Ki tambayi mai harhaɗa maganin kai tsaye, wanne aka rubuta? In mai tsadar ne, ki roƙe shi ya kira ofishin likitan a mayar da shi na talakawa, mai miligiram 500 ko 750. Kira ɗaya ne, kuma aikinmu ne, kada ki ji nauyi.

Sai Januvia, uban tafiyar. Dalilin da ya sa likitan ya rubuta shi a fili yake. Galvus Met haɗin metformin ne da vildagliptin, shi kuwa vildagliptin FDA ba ta taɓa amincewa da shi ba, babu shi a kantunan Amurka sam. Haka ma gliclazide, wato Diamicron da ake yawan sha a gida. Sai likitan ya nemi ɗan'uwansa mafi kusa, sitagliptin, wanda kamfanin Merck yake sayarwa da sunan Januvia. A 2023 farashinsa na kamfani dala 527 ne na kwana talatin. Kati ba ya iya yin abin kirki a kan maganin da kamfani ɗaya ke da shi, ba gasa, don kanti ma da tsada ya sayo. Rangwamen kashi 80 da kike gani a talla na jenarik ne. A kan mai sunan kamfani, in an rage miki kashi goma ko ashirin kin gode.

To mafita ba a kanti take ba, a ofishin likita take. Ki koma, ko ki kira, ki faɗa masa a fili cewa Hajiya baƙuwa ce, ba inshora, daga aljihu kuke biya, kuma ba za ku iya Januvia ba. Mutanenmu suna jin kunyar wannan magana, suna ganin kamar tonon asiri ne. Wallahi likitocin nan sun saba jin ta, kuma yawancinsu ba su san farashin abin da suke rubutawa ba sai an gaya musu. A dangin maganin nan akwai alogliptin da saxagliptin da suke da jenarik, akwai kuma sitagliptin na kamfanin Zydus da aka amince da shi a 2023 da sunan Zituvio. Akwai tsofaffin magunguna masu arahar gaske kamar glipizide da glimepiride. Zaɓin na likita ne, ba nawa ba, ba naki ba, don kowanne yana da inda bai dace ba. Alogliptin da saxagliptin ana taka-tsantsan da su ga mai raunin zuciya. Glipizide da glimepiride kuma suna iya faɗar da suga ƙasa warwas, musamman ga tsoho da mai tsallake abinci. In Hajiya mai azumin Litinin da Alhamis ce, lallai ki gaya masa, don shi ba zai yi tunanin tambaya ba. Yana ma iya duba gwajinta ya ga metformin kaɗai, in an ƙara ƙarfinsa, zai riƙe ta har ta koma.

Akwai hanya ta biyu game da wannan ɗin, kuma halal ce a doka: ta ci gaba da Galvus Met ɗinta. FDA ta yarda baƙo ya shigo da maganin kansa na kwana 90, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita da Turanci. In zamansa ya wuce haka ana iya aiko masa da ƙari, a haɗa da kwafin fasfo da biza da wasiƙar likita. In akwai mai tasowa daga gida ko za a aiko, ki tabbata daga kantin magani mai rajista aka saya, wanda yake da mai harhaɗa magani a ciki, ba a tebur ko wurin ɗan talla ba, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma maganin suga na jabu ba ya nuna kansa sai ya yi ɓarna. Abin da ba zan yafe ba shi ne a haɗa biyun. In Galvus Met ya iso, ba za ta sha shi tare da Januvia da metformin na nan ba, ninki biyu ke nan. Ki kwashi dukan kwalayen, na gida da na nan, a leda ɗaya, ki kai wa mai harhaɗa magani ya duba miki. Ba a biyan ko sisi a kan wannan.

Idan an gyara takardar, sai a zo neman inda ya fi araha, kuma kati ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin. Walmart tun 2006 yake da jerin jenarik da suke farawa daga dala 4 na wata, dala 10 na wata uku. Metformin da lisinopril da glipizide suna ciki, wasu kuma sun ɗan ɗara haka. Ba kati, ba rajista. Costco farashinsa na kuɗi hannu yana da sauƙi tun asali, kuma ba sai kina da katin mamba za ki shiga sashen magani ba, ki gaya wa mai tsaron ƙofa can za ki. Sai Cost Plus Drugs na attajirin nan na Dalas, Mark Cuban, wanda ya buɗe a intanet a Janairun 2022. Ni tsarinsu ya fi kwanta mini, don a fili suke nuna lissafi: kuɗin da suka sayo, da ribar kashi 15, da ɗan kuɗin aiki, da na aikawa. Ranar da suka buɗe, maganin kansar jini imatinib da ake sayarwa dala 9,657 a wata suka sa shi dala 47. Matsalarsu ɗaya, ta gidan waya yake zuwa, yana ɗaukar kwanaki, kuma sai likita ya tura musu takardar da adireshin imel ɗin da kika yi rajista da shi. Don haka ki sayi na wannan watan a kusa, na gaba ki yi oda da wuri. Amazon ma yana da RxPass, dala 5 a wata ga masu rajistarsa ta Prime, amma jerin magungunansa gajere ne, ki duba ko na Hajiya suna ciki.

Ki roƙi likita ya rubuta na kwana 90 maimakon 30. Kusan kullum ya fi araha, kuma zai raka ta har gida. Ki kuma sake duba farashin duk lokacin da za ki saya, don na kati yana motsi, kantin da ya fi araha a wannan watan ba lallai ya zama shi ne a wata mai zuwa ba. Ɗauke takarda daga kanti zuwa kanti ba wuya: sabon kantin za ki gaya wa, su za su kira tsohon. Amma ga ra'ayina, kada ki warwatsa magunguna huɗu a kantuna huɗu don ceton dala uku. Kwamfutar kanti tana gargaɗinmu ne a kan magungunan da ba sa jituwa idan ta san duk abin da mutum yake sha. Ki haɗa jimilla, ki zaɓi wuri ɗaya, in ya yi yawa biyu.

In zaman Hajiya zai yi tsawo, ki nemi cibiyar lafiya ta al'umma, irin waɗanda gwamnatin tarayya take tallafawa. A Hustan akwai Legacy Community Health da HOPE Clinic da wasu. Kuɗin ganin likita a can gwargwadon samun iyali ne, kuma saboda shirin 340B na 1992 suna sayen magani daga kamfanoni da rahusa mai yawa, har da masu sunan kamfani. Ki kira ki tambayi takardun da suke nema kafin ki je. Shirye-shiryen da kamfanonin magani suke yi na ba marasa ƙarfi kyauta kuwa, yawancinsu suna sharɗanta mutum ya kasance mazaunin ƙasar ne, saboda haka kada ki ɗora rai a kansu game da baƙuwa. Ga ku mazauna, shafin NeedyMeds yana tara su wuri ɗaya.

Batun maigida. Ba a haɗa kati da inshora a kan magani ɗaya, ɗaya za a zaɓa. Amma yana da damar zaɓa kowane lokaci, kuma wani lokacin katin ya fi inshorar araha. Binciken da masana na Jami'ar Kudancin Kaliforniya suka fitar a 2018 ya gano cewa a kusan kashi 23 na takardun da suka duba, kason da mai inshora ya biya ya fi abin da maganin ya ci gaba ɗaya. Rarar dillalai ke kwashewa. Abin takaicin, a wancan lokacin yarjejeniyoyi da yawa sun hana mu buɗe baki mu gaya wa mutum cewa da kuɗinsa zai fi samun sauƙi. Kana kallon tsohuwa tana ƙirga canji, ka san akwai hanya, an ɗaure maka harshe. A Oktoban 2018 aka sa hannu a dokokin tarayya biyu da suka haramta wannan takunkumi. Sai dai dokar ba ta tilasta wa kowa ya fara faɗa ba, kuma layi yana da tsawo. Don haka maigida ya riƙa tambaya da bakinsa: in ban bi ta inshora ba, nawa ne?

Abin da zai lura da shi ɗaya ne. Yawancin inshorar aiki tana da wani adadi da sai ka kashe daga aljihunka a shekara kafin ta fara biya sosai. Kuɗin da aka biya ta hanyar kati yawanci ba ya shiga wannan lissafi. In shi lafiyayye ne, magani ɗaya ko biyu masu araha yake sha, ba zai taɓa cika adadin ba, to ya bi duk wanda ya fi sauƙi. In kuwa shekara ce ta kashe kuɗi, kamar wannan da kuka yi haihuwa, mai yiwuwa kun riga kun cika shi, inshorar ce za ta fi. Ya ajiye rasit, wasu kamfanonin suna karɓa su lissafa. Idan kuma aka rubuta masa magani mai sunan kamfani, akwai wani kati daban, na kamfanin da ya yi maganin, wanda shi ana ɗora shi a kan inshora ya sauke kasonsa zuwa 'yan daloli. A shafin maganin ake samunsa. Mai inshorar kamfani mai zaman kansa, kamar ta wurin aiki, shi kawai yake cin moriyarsa. Mai inshorar gwamnati, wato Medicare ko Medicaid, doka ta hana.

Tun da maganar suga muke, bari in ƙara da insulin, don ko Hajiya ba ta kai can ba, wani mai karatu ya kai. A 2017 wani saurayi ɗan shekara 26 a Minesota, Alec Smith, ya rasu yana tsimin insulin ɗinsa, ƙasa da wata ɗaya bayan ya fita daga inshorar mahaifiyarsa. Abubuwa sun canza tun daga lokacin. Masu Medicare ba sa biyan fiye da dala 35 a wata tun Janairun 2023. A shekarar ne kuma Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi suka sanar da rage farashin manyan insulin ɗinsu da kashi 70 zuwa 78, kuma dukansu suna da shirin dala 35 a wata da marar inshora zai iya nema a shafinsu. Walmart yana da tsohon nau'in insulin na ReliOn a kan kusan dala 25 kwalba, amma aikinsa a jiki ya bambanta da na zamani, kada kowa ya koma kansa sai likita ya tsara masa awo da lokaci. Duk wanda insulin ɗinsa ya kusa ƙarewa kuma ba kuɗi, ya faɗa wa mai harhaɗa magani a ranar, kada ya rage awo ya yi shiru.

Gargaɗi na ƙarshe a kan shafukan intanet da suke cewa za su aiko da magani ba takardar likita, da sunan wai daga Kanada. Ƙungiyar hukumomin kula da kantunan magani ta Amurka, NABP, ta daɗe tana bin su, kuma kusan kashi 95 na waɗanda ta duba ba bisa doka suke aiki ba. Kantin gaskiya dole ya nemi takarda.

Gobe da safe ki fara da kiran kantin da kuka baro maganin, ki tambayi farashin kowanne shi kaɗai da kuma wane metformin aka rubuta. Daga nan ki kira ofishin likita a kan Januvia. Sauran ukun, da kati ko a Walmart ko Costco, ina sa ran ba za su wuce 'yan gomomin daloli a wata ba. Ki sayi na'urar awon jini ta hannu da ta awon suga in babu a gidan, ki riƙa rubuta sakamakon safe da yamma na mako biyun farko bayan an canza maganin, ki kai wa likitan. In za ta koma Kano, a rubuta mata sunayen magungunan na asali da ƙarfinsu a takarda ɗaya ta kai wa likitanta na can. Ki gaishe mini da Hajiya, ki shafa kan jariri.